Talatar da Inna Ta Je Kallo

"Ƙarya kike, Yaya Saude."

"Mi zan ci da ƙarya? Ita da bakinta ta ce in aje mata wuri. Har tambayata ta yi ko ana cire takalmi in za a shiga."

Ina durƙushe a bakin murhunta da muciya a hannu, na manta da abin da nake tuƙawa har ya fara ƙauri. Inna za ta zo kallon fim. Ku da ba ku san mahaifiyata ba, ba za ku gane abin da ya sa na ƙi yarda ba. Matar da ko biki sai Baba ya yi magana sau biyu take yafa mayafi, yau ita ce za ta taka tun daga cikin Talata Mafara har kwatas ɗin ma'aikatan dam, ta zauna cikin 'yan mata da amare ta kalli Indiyawa suna rawa a ruwa.

Bari in gaya muku yadda abin yake. Sunana Lantana, ɗiyar Malam Giɗaɗo mai makarantar zaure. Yaya Saude ɗiyar wan babana ce. Mijinta Sambo direba ne a aikin dam na Bakolori, shi ya sa suke da lantarki da fanka, shi ya sa kuma suke da bidiyo, wadda wani injiniya ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Duk ranar Talata maza suna kasuwa tun safe, mu kuma mata mu taru a ɗakin Yaya Saude da hantsi. Tunda ni ce na gama makarantar horon malamai, ni nake zama kusa da talabijin ina karanta Turancin da ke fitowa a ƙasa, ina mayar musu da Hausa. Abin da na ce yarinyar fim ta ce, shi ta ce. Ba mai iya musa min.

Ni ce kuma 'yar fari a wurin Inna. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Idan tana son in ɗauke tukunya, bango take kallo ta ce, "A zo a ɗauke tukunya." Idan na yi laifi, kaji take yi wa faɗa. Ba ma ci a kwano ɗaya, ba ta haɗa ido da ni. Lokacin da na yi ƙyanda ina ƙarama, Gwaggo Hindu ƙanwar Baba ce ta yi jinyata, sai da na girma aka gaya min Inna a bayan ƙyaure ta yi ta tsayuwa tana saurare. Haka kunyar ɗan fari take a gidanmu, ban taɓa ganin abin a matsayin rashin so ba. Amma akwai ranakun da mutum yake son uwarsa ta kama hannunsa ta tambaye shi abin da ke damunsa, ni kuwa shekara uku nake cikin irin waɗannan ranakun.

Nasidi ne dalili.

Mutumin wajen Maradun ne. Gonar babansa tana cikin waɗanda ruwan dam ya shanye, aka mayar da su wani tudu mai tsakuwa inda gero ba ya wuce gwiwa. Ya ce min ba zai kai ni gidan da rumbu yake wofi ba, zai je Ikko ya yi shekara guda ya dawo. Kafin ya tafi kawunnansa suka kawo kayan na-gani-ina-so: akwatin ƙarfe kore, atamfa biyu, sabulu, turare da ɗankunne. Akwatin yana ƙarƙashin gadon Inna. Kun san ƙa'ida, muddin kayan wani suna gida, ba mai shiga neman yarinya. Baba kuma ya ce da yardata ya karɓa, ba zai mayar ba sai ya ji daga bakina.

Da farko kaset yake aiko min duk wata ta hannun direbobin goro. Nakan jira tsakar rana, gida ya yi shiru, in sa a rediyon Baba a hankali. Yakan ba ni labarin teku, da gadar da mota take bi a kan mota, ya ce, "Lantana, in same ki inda na bar ki." Saboda wannan maganar sau biyu ana aiko min takardar kama aikin koyarwa a firamare ta Bakura ina ninke ta ina sawa a ƙasan tabarma. Ta uku ta zo makon jiya, an rubuta cewa idan ban je ba a farkon zangon nan, za a ba wata.

Kaset ɗin ƙarshe wata goma sha huɗu ke nan. Na saurare shi har zaren ya saki, ina naɗe shi da biro. Gaisuwa ce zalla. Ya gai da Baba, ya gai da Inna, ya gai da Gwaggo, ya gai da almajiran unguwarmu kaf, har mai shayin bakin tasha. Sunana ne ya zo na ƙarshe, daf da inda kaset ɗin ya ƙare.

Gwaggo Hindu kuwa ba ta gaji da yi min zancen ɗanta ba. Ɗanta Abdulmumini yana aikin buɗe ƙofofin ruwa a kan magudanar dam, kuma duk gari ya san inda zuciyarsa take. Bai taɓa tare ni a hanya ba. Abin da yake yi kawai, yakan ajiye kwandon tumatir da albasa a zauren Baba ya wuce, ko saƙo ba ya bari. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban taɓa leƙensa ta ƙofar zaure ba. Amma duk sanda Gwaggo ta ɗauko zancen, sai in ji kamar ana so in ci amanar wanda yake can yana ɗaukar kaya a ka domina.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba sai ku.

Fim ɗin da Sambo ya kawo daga Gusau labarin wata yarinya ne, ɗiyar tela, a ƙauye mai tashar jirgin ƙasa. Saurayinta ya tafi birni, ya ce zai dawo kafin damina. Kullum tana zuwa tasha ta tsaya tana duba masu sauka. Damina uku. Ta rame, ta yi ciwo, ta tashi, ta buɗe keken ɗinkin mahaifinta da ya rasu, ta fara ɗinka wa mutane kaya. A ƙarshe jirgi yana kuka, tana ɗauke da ƙullin ɗinki za ta kasuwa, ta wuce tashar ba ta waiwaya ba. Ƙawarta ta tambaye ta dalili, ta ba ta amsa, fim ya ƙare.

Talatar da ta wuce, da amsar ta fito a rubuce, na karanta, harshena ya ƙi. Sai na ce musu, ta ce yau sauri take, gobe ne zai zo. Mata suka yi hamdala, aka watse ana murna, suka ce lalle a sake sa shi. Ni kuwa na koma gida ina sane da ƙaryar da na yi. Yau ga shi za a sake, kuma Inna tana tafe.

Kafin hantsi ya yi zafi ɗakin ya cika. An rataya zannuwa a taga, fanka tana juya ƙamshin turaren wuta da na man kitso, ga farantin gyaɗa da rake yana zagayawa. Gwaggo Hindu ta kama kujera guda da ke ɗakin, ta ce ƙafarta ba ta son tabarma. Ƙawata Nagode, amaryar wata biyu da aka kawo daga Bakura, ta zo da atamfa mai ruwan ganye da ɗaurin da ya kusa taɓa fanka, da hankici har biyu. Tsohuwa Asma'u, maƙwabciyar Yaya Saude, ta zauna daf da talabijin don ta ce idonta ba ya kai nesa.

Sai ga sallamar Inna. Tana sanye da zanen saƙi baƙi da farin mayafinta na zuwa gaisuwa, carbi a hannu. Ta cire takalmi tun daga tsakar gida. Aka yi gaisuwa doguwa, ina kwana, ina gajiya, ina Malam, ina zafi, kowa da nasa. Ni na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa labule. Aka yi aka yi ta matso gaba, ta ce nan bakin ƙofa ya ishe ta.

Yaya Saude ta kunna bidiyon.

Tun kiɗan farko Nagode ta fara hawaye, ba a ma nuno kowa ba. Da saurayin ya fito yana waƙa, Gwaggo Hindu ta ja gyale ta rufe rabin fuska, ta ce namiji mai irin wannan gashi ba ya riƙe alkawari, ita tun makon jiya ta gane shi. Tsohuwa Asma'u damuwarta ɗaya, yadda suke jiƙewa sharkaf ba mai yin mura. Wata daga baya ta ce a duba awarwaron yarinyar, irinsa Sambo ya kamata ya sayo wa Saude. Yaya Saude ta ce shi da ko ɗankunne sai an tuna masa. Aka yi dariya. Ina fassarawa, muryata tana fita daidai, amma bayana duk yana jin Inna. Ban ji ta yi dariya ba, ban ji ta yi tsaki ba. Ƙarar carbinta kawai.

Da jirgi ya tafi da saurayin, sai na lura an rage surutu. Da aka nuno damina ta biyu, yarinyar tana tsaye a tasha da lema yagaggiya, sai na ji idanu suna sauka a kaina ɗaya bayan ɗaya suna ɗaukewa. Makon jiya ma haka aka yi. Kowa a ɗakin nan ya san da akwatin kore.

Aka zo inda yarinyar take zaune ita kaɗai a kan benci, jirgi ya wuce, an kawo mata abinci ta ture. Aka cika talabijin da fuskarta.

"Saude," in ji Inna. "Abin nan shina tsayawa?"

Yaya Saude ta tashi da sauri ta danna. Fuskar yarinyar ta tsaya cak, tana ɗan rawa, idonta cike da ruwa.

Inna ta gyara zama. Ba ta kalle ni ba. Yarinyar take kallo.

"Ke wagga ɗiya," ta ce a hankali. "Na ga ramarki. Kina zuba ma kaji tuwonki, kina cewa kin ci. Kina jiran gida shi yi shiru ki kunna muryatai, kina tsammanin ba mai ji."

Na sunkuyar da kai.

Ta ci gaba da magana, muryarta ba ta hawa ba ta sauka, irin yadda take karanta azkar. Ta gaya wa yarinyar cewa ba ta yi laifi ba da ta so shi, so ba abin kunya ba ne, kuma riƙon alkawarin da ta yi ya nuna gidan da ta fito. Ta ce shi ma kada a zage shi, ba lalle mugu ba ne, yaro ne da ruwa ya cinye gonar ubansa, wataƙila kunyar dawowa hannu wofi ce ta riƙe shi.

Gwaggo Hindu ta buɗe baki. "Ai wanga na fim ba shi da gon..."

Yaya Saude ta mintsine ta a cinya. Gwaggo ta haɗiye sauran, ta ja gyalenta.

"Amma ɗiyata," in ji Inna, "uwarki tana kallonki. Ba ta da bakin da za ta hwaɗa miki, haka anka rene ta. Kullum kika ture kwano, ita ma ba ta ci. In jiran ne yake miki daɗi, ki jira, ba mai korar ki. In ko tsoron abin da za a ce ne, ki tashi. Kowa ya ce wani abu, uwarki na bayanki."

Ban san lokacin da hawaye ya jiƙa min gaban riga ba. Shekara ashirin da ɗaya ina jiran kalmar nan, ɗiyata, sai ga shi ta bi ta kan 'yar Indiya ta iso ni. Nagode ta turo min hankicinta na biyu, shi ma a jiƙe.

Inna ta share fuska da bakin mayafi, ta kalli bango.

"Mai fassara, a mayar mata da yarensu."

Na share ido da hankicin Nagode.

"Ta ji, Inna."

"To a ci gaba."

Aka ci gaba. Yarinyar ta yi ciwo, ta warke, ta share ƙurar keken ɗinki. Ban taɓa ganin ɗakin Yaya Saude shiru haka ba, ko rake an daina sha. Da ta ɗinka rigarta ta farko ta karkace, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, tsohuwa Asma'u ta ce ba komai, haka kowa ya fara. Har aka kai ƙarshe. Jirgi ya yi kuka, ta wuce tasha, ƙawarta ta tambaye ta, rubutun ya fito.

Na karanta musu yadda yake. Ta ce ta daina zuwa. Ta ce shekara uku tana duba fuskokin mutane a tashar nan, ba ta taɓa tsayawa ta duba tata ba.

Nagode ce ta fara magana, ta ce ai ba haka na faɗa ba wancan makon. Na ce haka ne, wancan makon ƙarya na yi musu, su yafe min. Na ɗauka za a yi min ca. Ba wadda ta ce uffan a kan ƙaryar. Fim ɗin suka kama.

Gwaggo Hindu ta ce an cuce su, ita ba ta taɓa ganin fim ya ƙare ba aure ba, lalle rabi Sambo ya kawo, a aika shi Gusau ya karɓo sauran. Ta ce ai akwai wani yaro mai hankali da yake kawo wa yarinyar zare a shago, me ya hana a ɗaura musu, ta faɗa tana kallona ta gefen gyale. Nagode ta rantse saurayin zai dawo, ita ta ga idonsa lokacin da jirgi zai tashi, mai irin wannan kallo ba ya mantuwa. Wata ta ce ko ya dawo ya makara. Wata ta ce mu mata mun cika saurin yanke hukunci, wa ya san abin da ya same shi a birni. Aka rabu biyu, kowa tana magana kan ta wata.

Tsohuwa Asma'u ta bari suka gaji, sannan ta ce ita mijinta na fari da ƙafa ya tafi Makka, ta jira shi shekara bakwai. Nagode ta matso da sauri ta tambaya ko ya dawo.

"Ya dawo lahiya lau," in ji ta. "Sai dai wadda ya bari ba ita ya iske ba. Munka zauna kamar baƙi har Allah ya ɗauke shi." Ta ɗauki gyaɗa ɗaya ta ɓare. "Ni dai ɗinkin yarinyar nan ya burge ni."

Inna ta miƙe. Ta yi wa Yaya Saude godiya, ta ce ashe abin ba shi da muni yadda ake faɗa, amma rawar ta yi yawa. Ta fita ta sa takalminta.

Muka kamo hanya ana kiran azahar, ita a gaba ni a baya, kamar kullum. Motocin kasuwa suna wuce mu da buhunan shinkafa, rana tana dukan ka. Da muka iso magudanar ruwa sai ta tsaya, ta sauka matakala, ta wanke ƙafafunta a hankali, ɗaya bayan ɗaya, alhali ba abin da ya taɓa su. Sai da na iso daidai inda take sannan ta hau. Daga nan har ƙofar gida kafaɗa da kafaɗa muka tafi. Sau ɗaya bakin mayafinta ya shafi hannuna, ba ta janye ba.

Na tuna ranar da Nasidi ya tsaya a bakin ruwan da ya rufe gonarsu yana nuna min inda tsamiyarsu take a da. Har yanzu ina tausayinsa, kada ku ce ba na yi. Idan yana raye Allah ya buɗa masa, idan ya samu wata Allah ya ba su zaman lafiya. Amma na tambayi kaina, yaushe rabon da in yi kewarsa shi kansa, ba kewar muryar cikin kaset ba? Na kasa tunawa.

Mun tarar Baba ya dawo daga masallaci, yana zaune a kan buzunsa a zaure yana gyara alƙalamin kara. Ga kwandon tumatir a gefe, sabo. Gwaggo Hindu ta biyo mu tana haki, wai ta zo shan ruwa. Inna ta wuce ciki, amma ban ji takunta ya yi nisa ba. Daidai bayan ƙofa ya tsaya.

Na cire takalmi na durƙusa.

"Uwata," in ji Baba, don sunan mahaifiyarsa nake da shi na yanka. "An dawo daga kallon? Mi anka gani?"

"Baba, magana gare ni."

Ya ajiye wuƙar da alƙalamin. Ya dube ni sosai, ya dubi Gwaggo, ya ce yana ji.

Na ɗaga murya yadda za ta kai bayan ƙofa.

"Baba, a mayar ma su Nasidi kayansu, a ce musu na gode, ban riƙe shi da komi ba. Gwaggo ki yi haƙuri, kada Abdulmumini shi turo kowa tukuna. Ran Asabar zan tahi Bakura in kama aikina."